Wane suna za mu raɗa wa "transposon"?

Malamar cututtukan tsirrai, Yamai: Salamu alaikum. Ana shirya takardar horo kan pirikulariyoz, cutar shinkafar bakin kogin Isa, sai kalmar transposon ta tsaya mana. Guntun ADN ne, wato sinadarin gado, mai sauya mazauni cikin kundin gado, wanda Barbara McClintock ta gano a masara, har ta samu Nobel a 1983. Ɗalibai na cewa "mai tsalle". Ya zauna?

Dokta, ɗakin bincike: Malama, tsalle bai rufe duka ba. Kashi biyu ne. Ɗaya wani sinadari mai suna enzim ke cire shi ya dasa wani wuri. Ɗayan ba ya motsi: yana kwafar kansa ta ARN, ɗan'uwan ADN, kwafin ya koma ADN ya shiga sabon gurbi, uwar na nan zaune. Shi ke kumbura kundi.

Malamin gona, Tawa: To "ɗan ci-rani" fa?

Dokta: Ɗan ci-rani yana komowa gida, Malam. Wannan ba ya komowa. Ni "ɗan kutse" na fi so, don ɓarnar a wurin shiga take. A Pyricularia oryzae, fumfunar da ke kawo pirikulariyoz, wani ɗan kutse mai suna Pot3 ya kutsa gaban ƙwayar gado AVR-Pita, wadda ta ita shinkafa ke gane fumfunar, ya kashe aikinta, shinkafa mai ƙwayar kariya Pi-ta ta daina gane maƙiyin, irin da aka amince da shi ya kamu.

Malamar: RIP kuma, garkuwar da fumfuna ke lalata ƴan kutse da ita? Eric Selker da abokan aikinsa suka bayyana shi a fumfunar Neurospora crassa a 1987. Fumfunar na neman duk jeren da ya maimaitu, mai tsawon harafi kamar 400 zuwa sama, ta mai da harafin ADN C ya zama T har kwafin ya lalace. Amma sai lokacin barbara yake aiki, bayan haɗuwa, kafin cibiyoyin ƙwayoyin halittar iyayen biyu su haɗe. Zuriyar da ta daina barbara ta rasa garkuwar, ƴan kutse su taru. Kuma yakan zarce iyaka: a fumfunar Leptosphaeria maculans ya taɓa ƙwayoyin Avr na maƙwabtaka, waɗanda ta su tsiro ke gane maƙiyi, kariyar kolza, tsiron da ake matse mai daga irinsa, ta karye.

Malamin gona: Ku bar sunan RIP yadda yake, a ƙara masa fassarar "ɓata maimaici". Manomi dai burtuntuna ya sani, takardar ta wakilan gona ce.

Malamar: An tsaya: ɗan kutse, jam'i ƴan kutse, kashinsa "cira-dasa" da "kwafa-dasa". Dokta, turo mini gyaran shafi na 3.