Musayar waƙa: wanda ya karanta Sahara da wanda ya taka ta

Ɗan Fatake:
Salamu alaikum jama'a, yau da tsokana na zo, akwai wani malami a nan kullum sai ya cika mu da labarin ƙasashe alhali ko Jibiya bai taɓa wucewa ba. Ƙafiyar "ya" ce, bismillah.

Malam aje littafi ka saurara,
Gani ya kori ji, ka san gaskiya.
Na kwana Agadas na sha shayin Buzaye,
Na ɗaga kai na dubi hasumiya.
Na ga ayarin gishiri daga Bilma,
Kantu a kan raƙumi ana ta tafiya.
Kai ko kana ɗaki da tabarau,
Ka mai da Sahara tatsuniya.

Mai Tabarau:
Hhh na san da ni kake, to riƙe.

Ɗan Fatake sannu da rana,
Ƙurar da ka sha Allah ba da lafiya.
Hasumiyar da ka tsaya kana hoto,
Shekarunta nawa? Ka yi shiru, ka ji kunya.
Kai gishiri ka gani a bayan raƙumi,
Ni na san garin da aka gina da shi gaba ɗaya.
Tagaza, gida gishiri, masallaci gishiri,
Rufi fatar raƙumi, babu ko bishiya.

Kuma ba ni na ƙirƙira ba, Ibn Battuta ne ya ratsa garin a 1352 kan hanyarsa ta zuwa Mali, har ya yi ƙorafin ƙudaje da ruwan zartsi. Masallacin Agadas ɗin naka kuwa tun 1515 yake, aka sake gina shi a 1844, kai dai hoto ka iya.

Ɗan Fatake:
Allahu akbar, ka kama kanka da kanka malam!

Shaidan da ka kawo ai namu ne,
Daga Tanja ya fito ya zaga duniya.
Da ya naɗe ƙafa a ɗaki irin naka,
Me za ka karanta mana yau da safiya?

'Yar Damagaram:
Yayyena ku ɗan matsa mani, kun tafi Maroko neman matafiyi ga namu a gida kun tsallake shi.

Dorugu yaro ne daga ƙasarmu,
Bauta ta raba shi da gida da zuriya.
Ya bi Barth, mai kiran kansa Abdulkarimu,
Har Tumbutu, ba mota ba taya.
Bai tsaya nan ba ya haye teku,
Ɗan Hausa ya sauka a Birtaniya.
Ya ba da labarin Landan da harshenmu,
Schön na da alƙalami, shi ke da murya.

A 1855 fa kenan. Barth Bature ne matafiyi daga Jamus, Schön kuma Bature ne ɗan mishan da ya rubuta abin da Dorugu ya faɗa. Abin da ke ban sha'awa shi ne kullum mu ake zuwa kallo a rubuta, a nan kuwa namu ne ya je ya kalli Turawa da cin abincinsu da tufafinsu ya faɗi yadda ya gan su, amma yara nawa ne a Zindar ko Kano suka taɓa jin sunansa a aji?

Mai Tabarau:
Ƙanwata kin gama da mu wallahi, amma ki lura da ba a rubuta ba da yanzu ba ki da abin faɗa.

Kawu Mai Goro:
Yara kun tashe ni, bari tsoho ya sa baki.

Ku duk tafiyar marmari kuke zance,
Akwai ta dole, ita ce mai wuya.
Ahmadu Baba malamin Tumbutu,
Sojan Maroko sun kama shi ba kunya.
Suka ja shi Marrakesh ta cikin rairayi,
Littattafansa suka shiga hannun ɓarayi da 'yan tsiya.
Can ma ya shimfiɗa buzu ya zauna,
Malamansu na zuwa neman shiriya.

Maroko ta ci Songhai a 1591, shi aka tafi da shi a 1594, bai ga Tumbutu ba sai 1608, kuma littafi 1600 gare shi yana cewa nasa ne mafi ƙanƙanta a danginsu, ku ji fa. Su kansu littattafan Tumbutu sun yi gudun hijira a 2012 zuwa 2013 da 'yan bindiga suka kama garin, a akwatunan ƙarfe aka riƙa ɓoye su ana fitarwa, wasu a mota wasu a jirgin ruwa ta kogin Neja har Bamako.

Ɗan Fatake:
Kawu Allah ya ƙara girma, ka ga ko littafi da wuta ta zo hanya ya kama.

Mai Tabarau:
Allah ja kwana Kawu. Kai kuma Ɗan Fatake tunda ka san Agadas, ga tambaya.

Ibn Battuta da zai koma gida ya bi Takedda,
Inda jan ƙarfe ne kuɗin ciniki da saye da biya.
Masana na cewa kufanta na yamma da Agadas,
Ka taka ta, ko can ma barci ka yi a bayan tirela kan kaya?

'Yar Damagaram:
Kai malam wannan baitin ya fi tirelar tsawo hhh. Ɗan Fatake muna jiran amsa, in ka gama a juya ƙafiya zuwa "ro" Kawu ya kai mu Salga fataucin goro.