Wane ne Waliyyi Matin mai riƙe da tsintsiya?

Ɗan Wanzami, Nima: Jama'a, ina da tambaya ga 'yan'uwanmu Katolika. A ɗakin wata maƙwabciyarmu akwai hoton wani baƙin mutum cikin doguwar riga fara da baƙar alkyabba, yana riƙe da tsintsiya, ga kare da kyanwa da ɓera suna ci a kwano ɗaya a gindin ƙafarsa. Ta ce sunansa Martin de Porres, sunan da nake gani a wata makaranta a unguwar Dansoman ta Accra. Wane ne shi, kuma me ya sa ake ƙaunarsa haka a Gana alhali ba ɗan Afirka ba ne?

Katikis Bulus, Mamobi: Malam, tambayarka ta faɗo gidanku, domin shi ma wanzami ne. An haife shi a birnin Lima na ƙasar Peru a 1579. Mahaifinsa, Juan de Porres, babban mutum ne ɗan Sifaniya, mahaifiyarsa kuwa, Ana Velázquez, baƙar mace ce 'yantacciya daga Panama, kuma uban bai amsa cewa ɗansa ne ba sai daga baya. Yana da shekara 12 aka kai shi wurin wanzami, inda ya koyi aski da fitar da jini da wanke miki da haɗa magani, kamar dai yadda iyayenku suke yi a zango. Yana ɗan shekara 15 ya shiga gidan 'yan Dominikan, wata ƙungiyar Katolika ta masu keɓe kansu don bautar Allah, a matsayin mai hidima kawai, saboda dokar lokacin ta hana masu jinin Afirka zama cikakkun 'yan ƙungiya, shi ya sa shara da wanke-wanke suka zama rabonsa. Sai a 1603 aka yarda ya ɗauki alkawarin zama ɗan ƙungiyar. Daga baya aka damƙa masa ɗakin majinyata, ya riƙa jinyar bawan da aka sauke daga jirgi da irin hannun da yake jinyar attajiri, har ya rasu ranar 3 ga Nuwamba, 1639, wadda ita ce ranar bikinsa.

Hajiya Ladi, Sabon Zango: Ni Musulma ce, amma tarihin ya taɓa ni. Sai dai tsintsiyar nan tana damuna, Baba Katikis. Mutumin da ya iya magani, me zai sa a riƙa zana shi da abin da aka wulaƙanta shi da shi? Ina tsoron a koya wa yaranmu cewa haƙuri da zalunci shi ne ibada.

Katikis Bulus, Mamobi: Hajiya, maganarki tana da nauyi, kuma ba na kare dokar da ta tsare shi a bakin ƙofa. Amma haƙurinsa bai hana shi motsi ba: ya nemi taimakon masu hali aka kafa gidan marayu a Lima, kuma da aka hana shi kwantar da marasa lafiya na titi a gidan ƙungiya, sai ya kai su gidan 'yar'uwarsa Juana.

Rahila, Kotobabi: Malam Ɗan Wanzami, game da Gana, a ganina lokaci ne ya dace. Fafaroma Yohanna na 23 ya ayyana shi waliyyi ranar 6 ga Mayu, 1962, shekara biyar bayan samun 'yancin ƙasarmu, lokacin da iyayenmu suke ɗokin ganin fuska irin tasu a bangon coci. Asibitocin Katolika na Eikwe da Agomanya duk sunansa suke ɗauke da shi. Mahaifiyata tana ajiye ɗan hotonsa cikin littafin addu'arta, gefensa duk ya lanƙwashe, kuma idan ɗayanmu ya kwanta takan yi addu'ar kwana tara tana roƙon ya roƙa mana Allah, domin mu ba bauta masa muke yi ba. Katolika sun ɗauke shi majiɓincin masu aski, saboda haka ka gaya wa babanka idan ka koma gida.