Wata uku a cikin takardar Kaka

Ɗan Gafaka:
Salamu alaikum jama'a, jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi kakanmu sai ga gafakarsa a ƙarƙashin gado, bari in tambaya da waƙa yadda muka saba

Na buɗe gafakar Kaka da ta daɗe,
Ganye-ganye ne, ba a ɗinke ba a haɗe,
Na ɗaga ɗaya a rana sai na ruɗe,
Wata uku a cikinta, masani zo ka buɗe.

Malam Na-Zaure:
Allah ya jiƙan malam. Ba aljanu ba ne suka zana, kwantar da hankalinka

Ɗana, wata ukun nan tambarin Italiya,
Tsumma ake kirɓawa a tace a rariya,
Siffar watan an ɗaure ta a kai da waya,
Sai takardar ta sauka Tarabulus ta ƙasar Libiya,
Raƙuma ta Gadamas da Agadas suka yi tafiya,
A Kurmi ta Kano aka zo aka sauke kaya.

'Yar Birni:
Baba Malam a gafarce ni amma ka yanko labarin daga tsakiya fa

Tsai Lun na ƙasar Sin, bafadan sarki,
A shekara ta 105 ya kai wa fada takarda, abin mamaki,
Ɓawo da tsumma da koma ya jiƙa a ciki,
A 751 a Talas aka gwabza yaƙi,
Daga nan Samarƙand ta koyi yin takarda, Bagadaza ta sa hannu ciki,
Har Andalus, inda Turai ta karɓi aiki.

Malam Na-Zaure:
Na sallama 'yata, boko ya yi rana.

Ɗan Gafaka:
To ni dai na riga na yi ɓarna ina ji, wasu ganyen sun yage sai na liƙe su da salatif na zuba duka a leda na ɗaure don kar ƙura ta shiga

Anti Mai Ajiya:
Innalillahi. Salatif?? Ƙanena da kana kusa da sai na ja kunnenka

Salatif ba magani ba ne, cuta ce,
Gam ɗinsa ya shige ta, rubutu ya lalace,
Leda na riƙe danshi, fumfuna ta zauna a ɓoye ta ce
Nan ne gidana, kafin damina ta wuce.
Gara tana bin bango, ba ta san ilimi ba ce,
Tawadar bagaruwa da ƙarfe ma mai cin takarda ce.

Kar ka ɓamɓare salatif ɗin da kanka zai taho da rubutun, bar wa masu aikin, ka tuntuɓi irin su Arewa House, cibiyar adana tsofaffin takardu a Kaduna. Yanzu dai fitar da su daga ledar, ka samu kwali mai tsabta ka ɗora a sama nesa da bango da ƙasa, kuma ka ɗauki hoton kowane shafi da waya gaba da baya. Abin haushi littafin rubutuna na sakandare ya yi ja yana karyewa kamar ƙanzo saboda takardar yanzu da itace ake yin ta akwai asid a ciki, ta kakanka kuwa ta tsumma ce shi ya sa ta kai yau.

Ɗan Damagaram:
Anti kin tuna min Tumbuktu wallahi

A 2013 cibiyar Ahmad Baba ta ga wuta,
Kusan littafi 4,000 aka rasa a cikinta,
Wasu da yawa a akwatunan ƙarfe aka fita,
Mota da kwale-kwale, Bamako suka sauka a huta,
Sun tsere wa wuta, danshin kudu ya ce bai yarda ba ta,
Takardar Sahara ba ta saba da raɓa ba ita.

Ɗan Gafaka:
Na fitar da su daga leda. Sai dai wata matsalar kuma, garin ɗaukar hoto iska ta watsa min su kuma babu lambar shafi ko ɗaya

Malam Na-Zaure:
Duba can ƙasan shafi, akwai kalma ita kaɗai,
Ita ce farkon na gaba, bi ta dai,
Magabata ba lamba suke sa wa ba, wannan ce kawai.

In ta gagare ka kawo su zaure ranar Juma'a bayan la'asar, ka zo da tabarau ɗina da ka ara tun azumi.