Shawarwarin masu tara bindigar Thompson ta Amurka kan tantance samfurinta wajen rajista

Abin da suka fi jaddadawa shi ne a fara da lambar jikin bindiga: a samfurin M1928A1, harafin S na nufin ƙirar kamfanin Savage, AO kuma ta kamfanin Auto-Ordnance. A gwada lambar gangar jiki da ta gidan kunama, domin makerar soja ta sha haɗa sassan bindigogi daban-daban wajen gyara.

Kada a yanke hukunci kan samfurin bindiga da bututu kaɗai. M1928A1 na ƙarshe-ƙarshe sun fito da bututu sumul, babu zobban sanyaya da aka saba gani a samfurin. A duba mariƙin ɗanawa: a sama yake a M1928A1, a gefen dama a samfurin M1 na 1942. Wasu M1 an ƙara musu "A1" a tambarinsu daga baya, shi ya sa hoton tambari na kusa ya zama dole wajen rajista.