Ɗumama ɗaki da hunturu a gidan da babu NEPA

Baban Amira: Salamu alaikum. Gida ne a ƙauye bayan Daura, babu NEPA. Wanne ya fi sauƙin kuɗi wajen ɗumama ɗakin tsohuwa da ruwan wanka: sola, janareta ko gawayi?

Mai Sola: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora hita a kan sola. Hita mai wat 1000 in ta yi awa 3 ta sha 3kWh, wato yunit 3 na wuta. Batirin 200Ah 12V kuwa 2.4kWh yake ɗauka, kuma in mai ruwa ne rabi kawai ake ja, in aka wuce haka ya mutu da wuri. Ga ƙurar hunturu tana rufe fanel. Bar wa sola fitilu da cajin waya.

Maman Hafsat: Gawayi ya fi araha, da shi za a dafa ruwan wankan. Amma don Allah kada Hajiya ta kwana da kasko a ɗaki. Ko garwashin ya yi ja, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kisa cikin barci. A bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin kwanciya, sannan a toshe ƙasan ƙofa da buhu.

Mai Sola: Janareta kuma asarar fetur ce, yawancinsa zafi da hayaƙi yake zama a waje.