Taƙaitawa: abin da aka tattauna kan garin Mentone na jihar Texas

Jama'a maganar ta yi tsawo, bari in tattara muku abin da aka ce.

1. Kowa ya yarda Mentone ce hedikwatar gundumar Loving a yammacin Texas, Amurka, kuma a ƙidayar 2020 mutum 64 kacal aka samu a duk gundumar, babu wadda ta kai ta ƙarancin jama'a a ƙasar.

2. Tarihi, nan aka fi daɗewa. Sunan gundumar daga Oliver Loving ne, makiyayin shanu da mayaƙan Comanche, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka ji wa rauni ya rasu a 1867. An kafa mata hukuma a 1893, aka rushe a 1897 saboda mutane sun watse, sai da man fetur ya fito aka sake kafawa a 1931, to shawarar da aka bayar ita ce mai rubutu a kai kada ya haɗa tsohuwar Mentone, wato garin da ya fara ɗaukar sunan a gundumar, da ta yanzu, don ta yanzu Ramsey ake ce mata da farko.

3. Ƙasa busasshiya ce, kogin Pecos na yamma, New Mexico na arewa. Mai zuwa ya riƙe ruwansa.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce ƙidayar ba ta nuna gaskiya tunda ma'aikatan mai da manyan motoci cike suke da hanya kullum, wasu suka ce mai aiki ya koma gida ba ɗan gari ba ne. Ni dai na fi karkata ga na biyu, don yaran wurin ma garin Wink da ke maƙwabciyar gunduma suke zuwa makaranta.