Ta yaya allunan zanen Holan suka daɗe ba su tsage ba?

Kafintan Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, kuma na ga hotunan zane-zanen da Rembrandt, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holan, ya yi a kan katako tun yana matashi a birnin Laiden, kusan shekara 400 da suka wuce, amma allunan suna nan a miƙe. Ni kuwa, ƙofar da na haɗa bara, hunturu ɗaya ya tsaga ta. Wane irin itace suke amfani da shi, kuma yaya suke sarrafa shi?

Ɗalibar Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawan itacen ba na Holan ba ne. Itacen oak ne na dazuzzukan Folan da kewayen tekun Baltik, wanda ake gangaro da shi ta kogin Bistula zuwa tashar Gadansk, daga nan a yi jigilarsa ta jirgin ruwa. Sanyin yankin yana sa bishiyar ta girma a hankali, sai zarenta ya fito a miƙe kuma a matse. Wannan fatauci ya durƙushe a tsakiyar ƙarni na 17, lokacin yaƙe-yaƙen Suwidin da Folan.

Tsohon Malamin Sana'a:
Malama ta faɗi gaskiya, sai dai a ganina asirin ya fi yawa a wajen yankan. Ba sa yanka gungume falle-falle kamar yadda injinan katako ke yi mana yanzu. Suna tsaga shi ne daga tsakiya zuwa ɓawo, kamar yadda ake yanka kankana, kuma katakon da aka fitar ta haka ba ya cika lanƙwashewa idan ya sha danshi ya bushe. Suna cire farin ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawo saboda shi ƙwari ke fara ci, sannan a ajiye katakon ya yi shekaru yana bushewa. Bayan haka ake haɗa allo biyu ko uku gefe da gefe da gam na fatar dabba, a sassaƙe gefunan baya domin ya shiga firam, a shafe fuskar da alli haɗe da gam, a goge ta yi sumul. Malam kafinta, ina kyautata zaton ɗanyen katako aka sayar maka.

Kafintan Sabon Gari:
Haka ne, ranka ya daɗe, bai yi wata biyu da yankewa ba. To su wa ke tabbatar musu da cewa katakon ya bushe?

Ɗalibar Tarihi:
A birnin Antwab, maƙwabciyar Holan ta kudu, ƙungiyar masu sana'a ta kafa doka a 1617 cewa kowane mai haɗa allo ya sa alamarsa a bayan allon, kuma sai shugabanni sun duba ingancin allon kafin a ƙona masa tambarin birnin, wato hannaye biyu da hoton gini mai ganuwa. Har yau ana ganin waɗannan tambura a bayan zane-zane da yawa.